Baƙon da ke cinye mai masaukinsa: me ya sa labaran X-Men da takwarorinsu ke sa ɗalibi ya yaƙi malaminsa?

Duk mai karɓar fina-finai a wurin masu turi, ko mai bin gardamar matasa a Facebook kan Marvel da DC, manyan kamfanonin labaran jarumai na Amurka, ya taɓa cin karo da wannan salon labari. Wata halitta ta sauko daga sararin samaniya ba tare da rundunar yaƙi ba, ta shige jikin jarumi a ɓoye, ta mayar da shi bawanta. Manyan jarumai su faɗa hannu ɗaya bayan ɗaya, a bar yaran da suke koyarwa da jan aiki. Tun da Disney ta saye Fox a 2019, haƙƙin yin fim da X-Men, ƙungiyar jarumai masu baiwa ta musamman da ke da makarantar horar da yara irinsu, ya dawo hannun Marvel, kuma sunan Brood, tsoffin abokan gabar X-Men, ya sake shiga bakin masu bibiyar waɗannan labarai.

A hirarrakin da ake yi, abu uku ne aka fi rikitawa. Wasu na ɗauka duk waɗannan halittu iri ɗaya ne. Wasu na fassara abin da shigar aljanu. Wasu kuma na cewa ai zanen yara ne, ƙarya ce tsagwaronta, babu abin dubawa a ciki. Tambayar ita ce: mene ne waɗannan baƙi, daga ina marubuta suka samo su, kuma me ya sa kusan kullum sai an jingina ceto a kan ɗalibai?

Ba duk baƙon sama ne mai cin jiki ba

Masana halittu sun raba masu rayuwa a jikin wasu zuwa gida-gida, kuma labaran nan sun bi wannan rabon fiye da yadda ake zato.

Akwai ci-ma-zaune irin kaska da kwarkwata da kaucin bishiya. Wannan yana tsotsa ne, ba ya son mai masaukinsa ya mutu, don in ya mutu tukunyarsa ta fashe. Halittar da ta zama Venom nan ta fi kusa. Ta fara bayyana a 1984 a matsayin baƙar rigar Spider-Man, tana ƙara wa mai ita ƙarfi tana kuma sarrafa shi, kuma an san ta da rauni biyu: wuta da ƙara mai tsanani.

Akwai mai hawa ya tuƙa. Misalinsa Starro na kamfanin DC, ƙatuwar halitta mai siffar tauraron teku. Ita ce abokiyar gaba ta farko da ƙungiyar Justice League ta fuskanta a 1960. Daga baya, a 1981, aka fito da ƙananan 'ya'yanta masu manne wa mutum a fuska, su ƙwace masa hankali. A yawancin labaran zane, in an ɓamɓare abin, mutum yakan dawo hayyacinsa.

Sai na uku, wanda ya fi muni: mai saka ƙwai a jikin wani, ɗan ya ƙyanƙyashe ya cinye mai masaukin gaba ɗaya. Brood ke nan. Mutuwar mai masauki ba kuskure ba ce a wurinsu, ita ce hanyar haihuwarsu.

Skrull kuwa, waɗanda mutane da yawa ke sakawa cikin wannan sahu saboda shirin Secret Invasion na 2023, ba sa ciki. Su rikiɗa suke yi su ɗauki kamannin mutum, ba sa shiga jikinsa. Batun aljanu ma ba ya nan. Marubutan sun tsara abin a matsayin cuta ta jiki: akwai ƙwai, akwai kwanakin ƙyanƙyasa, akwai likita da na'urar da ke gano shi. Abin da ke ruɗa mai kallo shi ne sauyin murya da hali, wanda a al'adarmu da wani abu daban aka san shi.

Asalin salon

Tushensa na farko siyasa ce. A 1951 Robert Heinlein ya fitar da The Puppet Masters, labarin wasu halittu da ke manne wa mutum a gadon baya su tuƙa shi. A 1955 Jack Finney ya fitar da The Body Snatchers, aka mai da shi fim a 1956. Zamanin yaƙin cacar baka ne, Amurkawa na cikin fargabar cewa maƙwabci ko abokin aiki na iya zama ɗan kwaminisanci a ɓoye. Maƙiyin da ke sanye da fuskar ɗan uwa ya dace da wannan fargaba.

Tushe na biyu shi ne fim ɗin Alien na 1979, wanda ya yi fice da saka ƙwai a jikin mutum. Shekara uku bayan haka, a fitowa ta 155 ta mujallar Uncanny X-Men, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1982, marubuci Chris Claremont da mai zane Dave Cockrum suka gabatar da Brood. Kamannin da ke tsakanin biyun ba ya ɓuya. Sai dai Claremont ya ƙara abu guda da ya sauya lissafi: ɗan Brood yana gadon baiwar wanda ya ƙyanƙyashe a jikinsa. Daga nan jarumi ya tashi daga matsayin mai tsaron gari, ya koma abin farauta mafi tsada. Ga Brood, makarantar da ta tara yara masu baiwa rumbu ce cike da hatsi.

Yadda labarin 1982 zuwa 1983 ya gudana

Wannan shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi, don haka ya cancanci a bi shi daki-daki.

Brood sun kama X-Men a sararin samaniya, sarauniyarsu ta saka wa kowannensu ƙwai, aka rufe musu hankali da ruɗu har suka ɗauka bikin karramawa ake yi musu. A fitowa ta 162, Wolverine, ɗaya daga cikin X-Men, ya farka shi kaɗai a duniyar Brood. Baiwarsa ta saurin warkewa ta kashe ɗan tayin da ke jikinsa, sai ya zama shi kaɗai ya san abin da ke cikin abokansa. Nauyin da ya hau kansa ba na dambe ba ne: ya faɗa musu, ko ya kashe su kafin su rikiɗa?

Kowa da yadda ya fita. Carol Danvers, abokiyar X-Men da aka kama tare da su, wadda Brood suka yi ta gwaje-gwaje a kanta, ta samu sabon ƙarfi ta zama Binary. Storm, wadda ta yi alkawarin ba za ta kashe rai ba, ta zaɓi ta hallaka kanta tare da abin da ke cikinta, sai wata ƙatuwar dabbar sararin samaniya da ake kira Acanti ta ceto ta. Su waɗannan Acanti, Brood sun bautar da su ne suna hawansu a matsayin jirage. Sauran X-Men sun warke a fitowa ta 166, inda duniyar Brood ta tarwatse.

Amma akwai ƙwai guda da ya rage, kuma yana doron ƙasa, a jikin Farfesa Charles Xavier, mai makarantar da kansa. A lokacin da ya ɗauka X-Men sun mutu, Xavier ya tara sabbin ɗalibai biyar, waɗanda aka fara gabatarwa a 1982 da sunan New Mutants: Cannonball daga Kentucky, Sunspot daga Brazil, Wolfsbane daga Scotland, Karma daga Vietnam, da Danielle Moonstar 'yar ƙabilar Cheyenne. Abin da mai karatu ya gano daga baya shi ne sarauniyar Brood da ke jikinsa na da hannu a tara yaran, don ta samu jikunan da za ta zuba 'ya'yanta. Danielle ce ta fara shan wahalar abin, ana tsorata ta da mugayen siffofi a cikin gidan, ita kuma tana shakkar ko hankalinta ne ke taɓuwa.

A fitowa ta 167, Maris 1983, X-Men suka faso gidan don su kama Xavier. Yaran ba su san su ba, suka ɗauka mahara ne, suka tare su don kare malaminsu. Kowane ɓangare na da gaskiya bisa abin da ya sani. Xavier ya rikiɗa, ya samu ɗan lokacin da hankalinsa ya dawo ya roƙi a kashe shi. Maimakon haka aka ɗauki ƙwayoyin jikinsa aka gina masa sabon jiki, aka mayar da hankalinsa ciki. Hukuncin farko da ya yanke bayan ya tashi shi ne mayar da Kitty Pryde, ƙaramar X-Men, ajin yara, yarinyar da ta gama yaƙi da Brood a wata duniya. Ba ta ji daɗi ba, kuma tana da hujja.

Me ya sa sai ɗalibai?

Dalilin farko na sana'ar rubutu ne. Marubucin da ke da Superman ko Xavier a labarinsa yana da matsala: in babba na nan, yaro ba shi da aiki. Kashe babban ba zai yiwu ba, kamfani na cin abinci da shi. Tura shi tafiya kuma an gaji da gani. Halitta mai shiga jiki na warware wannan a lokaci guda: ta cire babban daga sahun masu ceto, ta mai da shi barazanar da kanta, kuma ta bar ƙofar dawo da shi ba tare da laifi a wuyansa ba.

Na biyu, tana sauya ƙa'idar faɗan. Yaron ba zai iya kashe abokin karawarsa ba domin malaminsa ne, ba zai kuma iya kayar da shi da ƙarfi ba domin ya fi shi. Dole ya nemo dabara. Kashi na ƙarshe na zangon farko na shirin Young Justice, labarin yaran da jaruman Justice League ke horarwa, wanda aka nuna a 2012, ya nuna wannan sarai. Mugaye sun haɗa wani ɗan guntun na'ura daga jikin Starro, suka manna wa dukkan 'yan Justice League. Yaran ba su yi ƙoƙarin doke manyan ba. Sun samu makari mai siffar na'urar, aikinsu kawai su kai hannu jikin kowane babba su manna masa. Robin da Superboy sai da suka haɗa ƙarfi kafin su iya da Batman da Superman. Sanin halin malami, wanda yaro ya tara a wurin horo, shi ne makamin. Kuma shirin bai share abin ba: shida daga cikin manyan sun ɓace na awa 16 suna ƙarƙashin iko, kuma abin da suka aikata a wannan lokaci shi ya haifar da rikicin zango na biyu.

Tun a labarin Starro na 1960 ma yaro ne ya ba da mabuɗi. Wani matashi, Snapper Carr, shi kaɗai ne a garinsu abin bai kama ba, aka bincika aka ga yana zuba farar ƙasa a filin ciyawar gidansu, sai jaruman suka lulluɓe Starro da ita.

Marubutan baya-bayan nan sun juya salon. A mujallar Wolverine and the X-Men da Jason Aaron ya fara a 2011, ɗaya daga cikin ɗaliban makarantar ɗan Brood ne, sunansa Broo, mai tabarau da ladabi, wanda danginsa suka ƙi saboda an haife shi da tausayi. A 2020, a labarin Jonathan Hickman, Wolfsbane ta dawo daga tafiya da wani ƙwai a matsayin tsaraba, ba ta san makami ne da Kree, wata ƙabilar sararin samaniya, suka ƙera don mallake Brood ba. Tarin Brood suka biyo shi har tsibirin Krakoa, mazaunin X-Men a wancan labarin. Yaƙin bai ƙare da ƙarfin manya ba: Broo ne ya cinye ƙwan, ya zama sarkinsu.

Inda labarin ke lalacewa

Kuskuren da aka fi yi shi ne rashin tsayar da ƙa'ida. Mai karatu na buƙatar sanin abu huɗu tun da wuri: ta yaya abin ke shiga, kwana nawa kafin ya gama aiki, wace alama ke tona shi, kuma daga wane mataki ne babu dawowa. In marubuci ya bar ɗaya a buɗe don ya samu hanyar tsira, fargabar ta zube.

Na biyu shi ne magani mai arha. Ko a labarin 1983 ana iya wannan ƙorafi, domin sabon jikin Xavier ya zo da sauƙi, har ma ya tashi da ƙafafu masu lafiya bayan shekaru a keken guragu. Claremont ya gyara hannu a 1988, a fitowa ta 232 zuwa 234, inda wani ma'aikacin motar asibiti a birnin Denver ya riƙa saka wa masu baiwa ƙwai. A nan babu makari, X-Men suka kashe waɗanda suka rikiɗa, alhali mutane ne da ba su yi laifin komai ba. Wannan ya fi ɗaci, kuma a ganina ya fi gaskiya ga ƙa'idar da aka kafa tun farko.

Na uku shi ne dabarar "kashe sarauniya, duk rundunar ta zube". Ta zama ruwan dare har mai kallo na hango ta tun daga tsakiyar fim.

Abin da ke gaskiya a ciki

A nan masu cewa ƙarya ce zalla suka yi kuskure. Duk wanda ya taɓa fasa ɗakin laka da zanzaro ke ginawa a bango ya ga tsutsotsi ko gizo-gizo a ciki, ba su mutu ba, ba sa kuma motsi sosai. Zanzaron ya harbe su ne ya sandarar da su, ya saka ƙwai, don ɗansa ya tarar da abinci ɗanye.

Akwai wani ƙwaro ɗan wannan dangi, Ampulex compressa, mai farautar kyankyaso. Harbi biyu yake yi. Na farko a ƙirji, ya kashe ƙafafun gaba na 'yan mintoci. Na biyu a cikin kai, daidai inda ke sarrafa gudun tsira. Kyankyason na iya tafiya, amma ba ya da niyyar gudu. Sai ƙwaron ya kama shi ta dogon gashin nan na kansa ya ja shi rami kamar akuya a igiya, ya manna masa ƙwai a ƙafa, ya toshe ramin. Bayan kimanin kwana uku tsutsa ta fito, ta fara ci daga waje, sannan ta shige ciki.

Har warkewar Wolverine na da makamanci. Jikin tsutsa na iya kewaye baƙon ƙwai da ƙwayoyin jini ya shaƙe shi. Don haka wasu daga cikin waɗannan ƙwari ke zuba wata ƙwayar cuta tare da ƙwan, wadda ke kashe garkuwar jikin tsutsar.

Manomanmu sun ci moriyar wannan hali. Lokacin da ƙwaron rogo mai farin gari ya addabi Afirka, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta saki wani ɗan ƙaramin ƙwaro, Anagyrus lopezi, da aka samo daga Kudancin Amurka, a 1981. Yana saka ƙwansa cikin jikin maɓarnacin. Masanin da ya jagoranci aikin, Hans Herren, ya samu kyautar abinci ta duniya a 1995. A Nijar kuma ana amfani da Habrobracon hebetor a kan murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero. Ana zuba gero a ɗan buhu tare da tsutsotsin kiwo da matan ƙwaron, a rataye a gona, 'ya'yan su fito su bazu.

A jikin ɗan Adam, misalin da ya fi kusa shi ne kurkunu. Yakan yi kimanin shekara a jiki, ya kai tsawon mita guda, sannan ya fito da ƙuna mai zafin da ke sa mutum tsoma ƙafa a ruwa, wurin da yake son zuba 'ya'yansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da Najeriya da Nijar sun rabu da shi a 2013, amma har yanzu ana samunsa a Chadi.

Abin da ba gaskiya ba shi ne sauran. Irin waɗannan halittu kan ƙware ne a kan mai masauki iri ɗaya ko danginsa na kusa. Naman gwarin Ophiocordyceps, wanda ke sa tururuwa ta hau tsiro ta ciji ganye ta mutu a nan, ba ya kama mutum. Halittar da za ta zo daga wata duniya ta dace da jikinmu a ranar farko, ta gaji baiwarmu, ta riƙa magana da muryarmu, wannan aikin alƙalami ne.

Ɓangarorin gardama, da abin da iyaye za su duba

Masu adawa na da hujja biyu masu nauyi. Ta farko, hotunan na da tayar da hankali: jiki na fashewa, fuska na narkewa. Ta biyu, labarin da ke nuna malami ko uba a matsayin wanda za a yi zargi na iya karo da tarbiyyar girmama na gaba. Masu goyon baya na amsa cewa a labaran da aka rubuta da kyau, yaran ba sa wulaƙanta malamin, kasada suke yi da ransu don su dawo da shi, kuma labarin Danielle na koya wa yaro ya yi magana in ya ga abin da bai gane ba ko da daga babba ne. A kan hujja ta biyu, masu goyon baya sun fi ƙarfi. A kan ta farko kuwa, masu adawa ba su yi ƙarya ba.

Matsalar ita ce sunan jarumi ɗaya na iya fitowa a kayan yara da na manya, kuma fim ɗin da aka tura a waya ba ya zuwa da kwalinsa. Alamomin da Amurka ke sa wa fim don nuna shekarun da suka dace su ne G (na kowa), PG (da kulawar iyaye), PG-13 (a yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13), R (na manya) da NC-17 (na manya zalla). The Suicide Squad na 2021, inda Starro ya fito, R ne, na manya, akwai zubar da jini da batsar baki, kuma a cikinsa wanda abin ya manne wa ya mutu ke nan. Alien ma R ne. Venom na 2018 da The New Mutants na 2020 duka PG-13 ne, kuma na biyun, duk da sunansa, babu Brood a ciki. X-Men '97 na 2024 zane ne amma alamarsa TV-14, wato bai dace da 'yan ƙasa da shekara 14 ba. Young Justice kuwa a raba shi biyu: zango na ɗaya da na biyu an yi su ne don tashar Cartoon Network, amma daga zango na uku, wanda ya fito a 2019 a manhajar biyan kuɗi, an ƙara jini da tashin hankali sosai. In mai turi ya haɗa su a jaka guda, a duba lambar zangon kafin a miƙa wa yaro wayar.